Kiran da Ya Tsaya a Zaure

Ƙarfe goma saura kwata na safiyar wata Laraba, mu huɗu ne a cikin wani ajin makarantar firamare a Rano, wanda aka kwashe kujerunsa aka raba shi biyu da labule. Akwai ni. Akwai ƙanwata, autarmu, wadda ke aure a Unguwar Gai ta ƙasar Kibiya. Akwai nas ɗin da ta duba ta. Ta huɗun wata Bafulatana ce, maƙwabciyar ƙanwar tawa, tana zaune a kan benci tana jira a zo kanta. Auta tana mayar da rigarta, nas ta ce ta ji ɗan ƙullutu a mamanta na hagu, bai kai ƙwayar gurjiya ba, kuma abin da ta zuƙo daga cikinsa da allura za a kai shi Kano a gwada. Daga nan ta ɗauki biro, ta ce a ba ta lambar wayar da za a kira idan sakamako ya fito.

Kafin in faɗi lambar da aka bayar sai na koma baya, domin ba na son labari a hargitse. Abin da ya fara faruwa shi zan fara faɗa.

Ni a Rano nake zaune. Karatun bokona bai wuce firamare ba, sai na Islamiyya da na ɗora a kai bayan na yi aure. Ɗinki nake koyarwa a tsakar gidana. Duk abin da zai tara matan unguwa, rigakafi ne ko rabon gidan sauro, ni mai unguwa yake aiko wa, saboda ba na barin kowa ta tsallake layi, ko matar wane ne ce. Wasu ba sa so na a kan haka. Ban damu ba.

Bayan ƙaramar Sallah, ana tsakiyar zafi, mai unguwa ya aiko aka kira ni ƙofar gidansa. Na tarar da baƙi daga Kano, suka ce gwajin ciwon daji za su yi wa mata kyauta. Mu a nan idan aka ce kyauta, sai an gaya mana wanda ya biya da dalilin da ya sa ya biya, in ba haka ba babu matar da za a bari ta fito. Babbansu ya yi mana bayani. Ya ce a wata ƙasa mai nisa, mutane da yawa da suka shekara suna feshin wani maganin ciyawa a gonaki sun kamu da daji. Maimakon kowa ya kai ƙararsa shi kaɗai, sai suka haɗa kai suka shigar da ƙara guda a madadin duk wanda abin ya shafa. Kamfanin da ke yin maganin ya ga shari'a za ta yi tsawo, ya nemi sulhu. Ya biya, amma bai amsa laifi ba. Aka raba wa masu ƙara rabonsu, abin da ya yi saura kuma, wanda ba a samu masu shi ba, alƙali ya ce a yi wa marasa hali gwaji da shi. Wani yanki na wannan saura ne ya biyo ta hannun ƙungiyarsu ya iso mana.

Na ce ina da tambayoyi, za su zo ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye shi, idan an gwada aka samu ciwon fa, sai a sallami mace ta tafi da shi gida? Ya ce a'a, asusun zai biya gwaji na biyu da aikin tiyata a Kano, matuƙar an kai mace kafin wa'adi ya cika. Kotu ta yanka wa kuɗin lokaci, daga an fita damina za a rufe, abin da ya rage a tura wani wuri. Na sake tambayarsa, su waɗanda ba a samu ba ɗin, ina suka shiga har suka bar haƙƙinsu? Ya ce da yawansu sun mutu kafin a gama shari'ar.

To, na ce a raina, ashe ragowar matattu ce aka kawo mana. Irin wannan magani, ko ɗan'uwansa, yana nan jere a rumfunan kasuwarmu. Mazanmu suna goya tankin feshi a baya babu safar hannu, iska tana mayar musu da shi a fuska, mata kuma su wanke rigar da hannu a bahon da ake wanke kayan yara. Ban san ko shi ne ya taɓa jikin Auta ba, kuma ba zan faɗi abin da ban sani ba. Abin da na sani shi ne babu wanda ya zo ya nemi gafarar kowa. An dai kawo labule da allura.

Duk da haka na karɓi aikin. Na zaga gidaje, na kuma yanke cewa sai an duba Auta, ko da yake ba ta taɓa yi mini kukan komai ba. Mijinta yana kudu wajen cirani, layinsa ba ya ko shiga, saboda haka yayansa na je na roƙa. Shi ne babban gidan, kowa Alhaji yake ce masa. Gidan gandu ne, gona ɗaya, rumbu ɗaya, kuma duk abin da zai shiga gidan daga waje, takin gwamnati ne ko sammacin dagaci ko neman aure, a zaurensa yake fara tsayawa. Zan faɗi gaskiya a kansa tun yanzu: ba mugu ba ne. Bai ja mini rai ba. Ya ba da izini, ya kuma biya kuɗin babur da kansa.

Yanzu na dawo ajin nan.

Na ce wa nas, "Sista, rubuta tawa." Na fara karanto mata.

Auta ta kama hannuna. "A'a, Yaya. A sa ta Alhaji."

"Alhajin aka duba?"

"Yaya, a gidansu nake. Shi ya ba ni izinin fitowa. In aka ji an kira Rano an tsallake shi, da wane ido zan dube shi?"

"Da idon da kike duban kowa. Jikinki ne ko nasa?"

"Don Allah ki bari. Ke kin saba faɗa da mutane, ni kuwa can zan kwana."

Bafulatanar nan ta tuntsire da dariya daga kan benci. Ta zaro wata ƙaramar waya daga jakar fata da ke rataye a wuyanta, wadda take kiran 'ya'yanta da ita idan sun yi nisa da shanu. Ta ce, "Ku Haɓe komai sai ya bi ta zaure. Mu rugarmu ba zaure, kowa ya shigo kai tsaye. Sista, in an zo kaina tawa za ki rubuta. Ban san lambar ba, ga ta nan, ki tatso da kanki."

Na ce, "Adda, wayar da ba ki san lambarta ba, me za ta yi miki?"

Ta ce, "Na iya danna koren maɓalli in an kira, Kaɗo. Akwai wani aikin bayan shi?"

Har nas sai da ta yi dariya. Ta rubuta lambar Alhaji, wadda Auta ta haddace tsaf. Sannan ta faɗi maganar da har yau ban yafe ba. Ta ce, "In ba a kira ku ba, ku kwantar da hankalinku, babu komai. Masu matsala kaɗai muke kira." Ta faɗa ne don ta sauƙaƙa wa kanta aiki, ta kuma sauƙaƙa mana jira. Ita ma Bafulatanar an samu ƙullutu a jikinta a ranar, aka zuƙa, aka gaya mata haka.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Mijin Auta ya dawo daga kudu ya kama noma. Babbar 'yarsu ta zo gida goyon ciki, haihuwar fari. Duk sanda na samu mai zuwa Unguwar Gai sai na aika a tambayi Auta ko an kira, amsa ɗaya take dawowa: ba a kira ba, alhamdu lillahi. Ni ban iya zama a kan shiru ba. Na je asibitin da ke kusa da mu, suka ce ba aikinsu ba ne, baƙin sun zo da kayansu sun tafi da kayansu. Na nemo lambar ƙungiyar a wurin mai unguwa na kira, wani ya ce ba sa ba da sakamakon mutum sai gare shi ko ga lambar da ya bayar, sirri ne. Na ce ni yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce ya fahimta, amma doka ce.

Yarinyar ta haihu a tsakiyar damina, namiji. Ranar suna na tafi tun da sassafe. Na tarar da Alhaji a zaure ana raba goro, na jira har mutane suka ragu, na gaishe shi, na yi masa barka, sannan na ce, "Alhaji, mutanen Kano sun kira kuwa?"

Ya gyara hularsa. Ya ce, "Malama, yau ranar farin ciki ce. Ki kwantar da hankalinki, babu abin da ya gagari Allah."

Na ce, "Haka ne. Amma sun kira?"

Sai ga wasu baƙi sun yi sallama, ya miƙe ya tarye su. Na shiga cikin gida.

Wanda bai taɓa yi wa mai jego hidima ba bai san nauyinta ba. Safe da yamma Auta take hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta kwashe shi bokiti bokiti ta kai banɗaki, ta yi wa yarinyar wanka, ta fito ta dama kunun kanwa, ta wanke tsummokaran jariri. Icen damina jiƙaƙƙe ne, hayaƙi ya cika mata ido. Na lura da hannun dama kaɗai take ɗaukar bokiti, na tambaye ta, ta ce kafaɗa ce ta riƙe saboda aiki. Na kuma ga wata jarka a bayan ƙofarta cike da jiƙo baƙi ƙirin. Ta ce Alhaji ne yake kawo mata, na ƙarin ƙarfi ne saboda hidima, kullum da safe kuma yana aiko mata da rubutu. Ta ce har tunkiya ya yanka ya yi sadaka da sunanta, ban da ragon suna. Tana faɗa tana jin daɗi. "Kin gani, Yaya? Shi ne kike cewa a tsallake shi."

Aka yi arba'in, yarinyar ta koma ɗakinta. Gero ya nuna, aka girbe. Ruwa ya ɗauke. Aka shiga cirar gyaɗa.

Wata ranar kasuwar Rano, wajen azahar, ina kan keken ɗinki, sai na ji sallama da muryar da na sani. Bafulatanar ce. Ta rame, amma idonta garau. Na ji labarin an kira ta tun farkon damina ta tafi Kano, sai dai ban ƙara ganinta ba. Na shimfiɗa mata tabarma. Ba ta jira na tambaya ba, ta yaye mayafinta ta nuna mini ƙirjinta, ɓangare ɗaya shafe, ɗinkin ya warke.

Na ce, "Sannu, Adda. Allah ya ƙara sauƙi."

Ta ce, "Sannun me? Na gama yaye 'ya'yana, me zan yi da biyu? A garkenmu saniyar da ta fi kowace madara nono uku gare ta." Ta yi dariya, ta mayar da mayafin. Sai ta daina dariyar. Ta ce, "Kaɗo, ba nono na kawo miki talla ba. Ƙanwarki ake nema a Kano."

Ta ce ta koma Kano ne a duba ɗinkin, nas ɗin nan ta gane ta, ta ja ta gefe. Ta tambaye ta ina matar da suka zo tare. Ta ce tun farkon damina suke kira, namiji ne yake ɗauka, kullum sai ya ce an gaya mata, tana nan tafe. Nas ta ce ba ta da ikon faɗin abin da aka gani, amma don Allah a ce mata ana nemanta. Bafulatanar tana sauka daga mota ta wuce gidan su Auta, Alhaji ya tare ta a zaure. Ya ce sun sani, suna kan abin, kada ta ɗaga wa baiwar Allah hankali. Ta ce, "Na kwana ina juyi. Gidansa ne, ba zan ture shi in shiga ba. Amma ke jininta ce."

Ban ko rufe keken ba. Na hau babur.

Na same shi a zaure, an baza gyaɗa a ƙofar gida tana shan rana. Mijin Auta yana zaune a gefensa yana ɗinke bakin buhu. Na gaishe su kamar yadda ya kamata, domin fushi ba ya sa in bar gaisuwa. Sannan na ce, "Alhaji, yaushe suka fara kira?"

Ya dube ni, ya gane na sani. Bai yi musu ba. Ya ce, "Makon da muka yi shuka."

"Me suka ce?"

"Suka ce daji ne. A kawo ta a yi aiki."

"Ka gaya mata?"

"Haba Malama. Wa ya taɓa duban mutum ya ce masa kana da daji? Ai kafin ciwon ya kashe shi maganar ta kashe shi. Mahaifiyarmu har ta koma ga Allah ba ta san sunan ciwonta ba, ta tafi hankalinta kwance. Haka muka tarar ana yi."

Na juya wajen mijinta. Na ce, "Kai ma ka sani?" Bai ɗago ba. Ya ci gaba da soka basilla a buhu.

Alhaji ya ce, "Kada ki ga laifinsa, shawara muka yi, har da kawunmu. Ki tsaya ki ji. Lokacin yarinyar nan tana da tsohon ciki. In uwar ta ji ta faɗi, 'yar ma ta faɗi, mun yi asarar uku. Muka ce a bari ta sauka. Ta sauka, wa zai yi mata wanka? Muka ce a bari a yi arba'in. Sannan ke kin sani, kowa ya sani, daji ba ya son ƙarfe. Da wuƙa ta taɓa shi sai ya watsu. Gwaggonmu an yanka ta a birni, ba ta ga wata damina ba. Ban zauna haka nan ba, Malama. Har bayan Zurgu na je wurin mai maganin daji, jiƙon da take sha ba na gajiya ba ne. Na ce in an kwashe amfanin gona, in bai faɗa ba, mu kai ta da kuɗinmu a hannu."

"Wane kuɗi? Kyauta ne. A gabana aka faɗa."

"Ke kin taɓa ganin kyauta a asibitin birni?"

"Ba su gaya maka akwai wa'adi ba?"

"Sun faɗa. Kowa haka yake cewa in yana so a yi sauri. Mai sayar da taki ma cewa yake yi gobe zai ƙare."

"Ba su taɓa cewa ka ba ta wayar ba?"

"Sau ɗaya wata ta ce a haɗa ta da ita. Na ce tana ciki tana hidimar mai jego. Ƙarya na yi?"

Bai yi ƙarya ba. A duk zancen nan ƙarya ɗaya ce kawai, cewa an gaya mata, ita ma a wurinsa ba ƙarya ba ce, tunda an gaya wa gidan. Na ce zan shiga in faɗa mata yanzu. Ya ce, "Malama, ki ji tsoron Allah, ki bi a hankali." Na ce an bi a hankali damina guda. Na shiga ba tare da na jira izininsa ba, abin da ban taɓa yi ba a gidan.

Tana ɗaki tana ɓarar gyaɗa a faranti. Na zauna a bakin gado. Ban iya kewaye ba, ban kuma koya a ranar ba. Na ce, "Auta, sun kira tun shuka. Daji ne. Alhaji ya ɓoye miki."

Ta ajiye farantin. Ta daɗe tana kallon ƙofa. Sannan ta tashi ta saki labule, ta ɗaga rigarta. Abin da bai kai gurjiya ba ya zama kamar ƙwan agwagwa, fatar wurin ta yi tauri ta yi ramuka kamar ɓawon lemo, kan maman ya shige ciki. Ta ɗaga hannu da ƙyar ta nuna mini wani a hammata.

Ta ce, "Na zaci ni kaɗai na sani."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun kafin suna nake jin yana girma. Da farko na ce tunda ba su kira ba, ba irin nasu ba ne, maruru ne zai fashe. Daga baya na san ba maruru ba ne. To wa zan gaya wa? Yarinyar nan in ta ji, nononta ƙafewa zai yi. Alhaji kuma sai ya sayar da hatsi tun yana gona. Na ce bari a kwashe amfani tukuna."

Kalma ɗaya da ta Alhaji. Gida guda, ana cin tuwo daga tukunya guda, kowa yana ɓoye wa kowa abu guda, kowa kuma yana ganin tausayi yake yi.

Ta dubi jarkar da ke bayan ƙofa. Ta ce, "Ashe wannan na daji ne? Ni ma dai na ce wannan ɗaci ya fi ƙarfin gajiya." Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan dariyar ta juye, na riƙe ta.

Washegari muka tafi Kano, ni da ita da mijinta. Alhaji ne ya samo motar. Muka sami nas ɗin. Da ta ga Auta sai ta rufe bakinta da hannu. Ta kai mu wurin babbansu, wanda ya yi mana bayani a ƙofar mai unguwa. Ya ce an rufe asusun tun ƙarshen damina kamar yadda kotu ta tsara, abin da ya rage an riga an tura wata jiha, ba shi da ikon taɓa ko kwabo. Ya ce a takardarsu an rubuta cewa an sanar da ita ba ta zo ba. Na ce ba a sanar da ita ba, an sanar da zaure. Na ce kun zo garinmu kun kafa labule don kun san mace ba ta buɗe jikinta a gaban maza, amma kuka ɗauki labarin jikin nan kuka miƙa wa namiji, kuka kuma gaya mata shiru lafiya ne. Ya ce gaskiya ne, za su gyara a gaba. Na ce Allah ya sa, amma ita gaban nata fa? Ya rubuta mana takarda zuwa wurin likita, iyakar abin da ya iya ke nan.

Likita ya duba, aka yi hoto. Ya ce ciwon ya wuce hammata, ya taɓa ƙashin baya. Na tambaye shi kai tsaye, da an zo lokacin shuka fa? Ya ce shi ba ya sanin gaibu, amma a yadda aka rubuta girmansa a ranar gwaji, irinsa ne suke cirewa mace ta koma gida. Yanzu aiki ba zai yi amfani ba, sai ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, ko zai rage masa gudu.

Alhaji ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu, ya sayar da gyaɗar shekarar gaba ɗaya, ya biya abin da a da ba a nemi ko sisinsa ba. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Auta ta dawo ɗakina a Rano saboda mun fi kusa da mota. Gashinta ya zube, ta ce ta huta da kitso. Bafulatanar tana zuwa duk ranar kasuwa da ƙwaryar kindirmo, ta zauna ta yi ta tsokanarta har ta samu ta sha ko ludayi biyu. Mijinta yana zuwa ya zauna a ƙofar ɗaki, ba ya iya haɗa ido da ni. Wata rana ta ce in daina harararsa, umarnin yayansa ya bi. Na ce na ji. Ban daina ba.

Ta rasu da hantsi, zafi ya fara dawowa, jikan nata bai fara rarrafe ba.

A zaman makoki, mata suna shigowa suna cewa kwana ne ya ƙare. Na ce haka ne. Suna cewa Alhaji ya yi ƙoƙari, samun irinsa sai an tona, dubi yadda ya rabu da shanunsa a kan matar ƙaninsa. Na ce haka ne, domin haka ɗin ne. Wata tsohuwa ta ce ai da ma ba a gaya mata ba, tun ranar da ta ji ta fara lalacewa. Wannan kam ban ce haka ne ba. Na tashi na bar mata ɗakin.

Na yarda da ƙaddara, ban taɓa jayayya da ita ba. Amma na yi karatun Islamiyya daidai gwargwado, ban ga inda aka ce a ɓoye wa baligi mai hankali labarin jikinsa ba. Kamfanin can ya biya bai amsa laifi ba. Ƙungiyar ta ce ta bi doka. Alhaji ya ce ya bi abin da ya tarar. Ban samu wanda zan kai ƙara ba, kuma ko na samu, ba na son sulhu.

Masu gwaji ba su daina zuwa ba. Wannan asusu ya rufe, wani zai buɗe, za su je Saji, za su je Zurgu, za su nemi lambar waya, mata kuma za su ba da ta wanda suke jin nauyinsa. Kai da kake karanta wannan, tunda ka iya karatu, na san a gidanku lambarka ake bayarwa, ta uwarka ce ko ta matarka ko ta matar ƙaninka. Ga abin da nake roƙonka. Ranar da aka kira ka a kan jikin wata mace, kada ka ce za ka isar, kada ka nemi shawarar kowa, kada ka jira a haihu ko a girbe. Ka ce wa mai kiran ya dakata, ka tashi da ƙafarka ka shiga cikin gida, ka sa mata wayar a kunne tun ba a kashe ba.